Baba ya sha Cipro, yanzu agara ta hana shi taka ƙasa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Mahaifinmu ne, shekararsa 68. Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe shi da ciwon kai, ƙanena ya kai shi wani ɗakin gwaji a unguwa aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot. Daga nan suka zarce kemis aka haɗo masa Coartem na maleriya da antibayotik ɗin nan Cipro mai 500 na taifot, safe da dare, na kwana goma. Zazzaɓi kam ya sauka, alhamdu lillahi. To amma tun jiya da asuba yake kukan bayan ƙafarsa ta dama, daidai agara, sama da diddige kaɗan. Wurin ya ɗan tasa, ko taɓawa aka yi sai ya janye ƙafar. Bai faɗi ba, bai bige ba, ba inda ya je sai masallacin ƙofar gida. Yau tsugunnon alwala ma ya gagare shi, a kan kujera aka kai masa buta. Mutumin da duk Juma'a da ƙafa yake zuwa babban masallaci ya dawo. Saura kwana biyar maganin ya ƙare. Sanyi ne ko mene ne?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Sanyi ne 'yata, da ma zazzaɓi in zai fita ta gaɓoɓi yake bi. A gasa masa da ruwan ɗumi, a murza da man zafi sosai, gobe za ki ba ni labari.

Hajiya Babba:
Allah ya ba shi lafiya. A haɗa da addu'a dai, wani lokacin taka abu ake yi a hanya ba a sani ba.

Ɗan Birni:
Akwai wani maɗori a unguwarmu, in targaɗe ne ja ɗaya zai yi masa. Ki yi min magana ta gefe in ba ki kwatance.

Malam Famasis:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki kira gida yanzu ki ce kada a ba shi Cipron daren nan. Kada a murza wurin, kada a kai shi wurin ɗori a ja ƙafar, kada ya taka zuwa masallaci ko da na ƙofar gida ne. Ya zauna ya miƙe ƙafar, gobe da sassafe a kai shi asibiti ya ga likita, a tafi da duk kwalayen maganin da yake sha. Kawu, ka yi haƙuri na saɓa maka, amma wannan ba wurin murza ba ne.

Dalili kuwa, Cipro da 'yan gidansu, duk maganin da kuka ga sunansa a jikin kwali ya ƙare da "floxacin", an san su da taɓa agara. Sai ta kumbura, ta yi rauni, wani lokacin ta tsinke gaba ɗaya ba tare da mutum ya yi wani aikin ƙarfi ba. Yakan faru cikin kwana biyu da fara sha, yakan kuma faru bayan an gama da watanni. Ba sabon zance ba ne, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗin cikin baƙin akwati a takardar maganin, wato gargaɗi mafi tsanani da suke da shi. Ba kowa yake samu ba, yawancin masu sha lafiya lau suke gamawa. Amma wanda ya haura 60 yana sahun gaba.

Tambaya biyu: yana da matsalar ƙoda? Sannan akwai wani magani da yake sha da ma can, musamman na ciwon gwiwa ko na asma?

Maman Biyu:
Innalillahi. Bari in kira Umma yanzu.

Malamin Firamare:
Malam Famasis, ni fa kun rikita ni. Shekara da shekaru a rediyo ku ne kuke cewa in an fara antibayotik kada a tsaya sai an shanye, wai in ba haka ba ƙwayar cutar za ta yi taurin kai. Yau kuma ka ce a tsaya a tsakiya. Wanne za mu ɗauka?

Malam Famasis:
Duka biyun, Malam. Waccan maganar ta mutumin da ya ji sauƙi ne ya ajiye sauran don wani jiƙon. Wannan kuwa maganin ne da kansa ya fara yin ɓarna, kuma takardar da ke cikin kwalin ma cewa ta yi da an ji ciwon agara a dakata a nemi likita. Ban ce a bar shi ba magani ba. In da gaske taifot ɗin ce, likita zai sauya masa da wani wanda ba ɗan gidansu ba. Shi ya sa na ce gobe da sassafe, ban ce sai an ga yadda hali ya yi ba.

Maman Biyu:
Na kira. Har an ɓallo ƙwayar za a ba shi bayan isha, Allah ya sa na riga su. Ƙoda dai ba a taɓa cewa yana da matsala ba. Amma Umma ta buɗe gwangwanin alawar da yake ajiye magungunansa a ƙarƙashin gado. Akwai wasu 'yan ƙananan farare a ƙulle a leda, ya ce na gwiwa ne, wurin wani mai tallan magani a kasuwa yake saye, ya kai wata huɗu yana sha kullum. Ƙanena ya ga fallen da ya rage a ciki, an rubuta Dexamethasone. Sai kuma diklofenak. Wallahi ba wanda ya san yana sha a cikinmu. Mu da muke murna ya yi ƙiba kumatu sun fito, muna cewa hutun ritaya ya karɓe shi.

Malam Famasis:
To ga shi nan. Shekaru sun haura 60, ga deksa, aka ɗora Cipro a kai. In aka tambaye ni haɗin da na fi tsoro a kan agara, wannan ne. Deksa da firednisolon da danginsu suna raunana agarar da ma, Cipro ya zo ya ƙarasa. Kumatun nan da kuka gani ma ba hutu ba ne, aikin deksa ne.

Amma ki saurara da kyau, don a nan ake kuskure: Cipro za a tsayar yau, deksa kuwa kada ku ƙwace masa ita lokaci guda. Wanda ya yi wata huɗu yana sha, jikinsa ya rage sarrafa nasa sinadarin na asali, ya dogara da ƙwayar. In aka yanke farat ɗaya jininsa na iya faɗuwa, ya galabaita, abin ya fi na ƙafar muni. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa a hankali. Ku tafi da ledar gobe, kada kunya ta sa a ɓoye.

Amaryar Bana:
Subhanallah, deksa ba ita ce 'yan mata suke sha don su yi ƙiba ba? Na san gidaje da yawa da ake sha kamar gyaɗa.

Anti Nas:
Ita ce, ƙanwata. Kuma mai shanta ba ta ɗaukar ta a matsayin magani, in ka tambaye ta "kina shan wani magani?" sai ta ce a'a. Na sha gani. Sai ka ce "na ƙiba fa?" sannan ta sunkuyar da kai.

Ɗan Kemis:
Na san ƙarshenta kanmu za a sauke kayan, to bari in yi magana tun kafin a fara jifa. Shekarata 14 a wannan sana'a. Mutum zai shigo da takardar gwaji a hannu, an rubuta taifot, ya ce a ba shi Cipro, sunan ma shi yake kawo maka. In ka ce ya je asibiti, ya ce ya je tun asuba ya tarar da layi har bakin titi, ga kuɗin kati, ga yini guda ba sana'a. In na hana shi, shagon da ke kallona zai ba shi, ni kuma a ce ba ni da tausayi ko ban san aiki ba. Kuma tsakani da Allah dubban mutane na ba Cipro sun warke, ban taɓa jin wanda agararsa ta tsinke ba. Sannan a wannan maganar ma, wa ya gaya wa mai kemis ɗin cewa Baba yana shan deksa? 'Ya'yansa ma ba su sani ba. Laifi tudu ne.

Malam Famasis:
Ɗan'uwa, ban jefe ka ba, na san halin da ake ciki. Amma abu biyu. Na farko, wanda agararsa ta tsinke bayan sati uku ba wurinka zai dawo ba, wurin maɗori zai tafi, kuma ba zai taɓa danganta abin da ƙwayar da ya sha ba. Rashin jin labari ba shi ne rashin faruwa ba. Na biyu, ka ce wa ya gaya masa. To shi ya tambaya? Dattijo mai furfura ya tsaya a gabanka yana ɗingisa gwiwa, tambayar "Baba me kake sha na gwiwar nan?" ba ta cin minti ɗaya. Kuma kai ma ka sani, lasisin kemis irin naku na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, Cipro ba ya ciki.

Ɗan Kemis:
A takarda ke nan. Ka zo ƙauyenmu ka nuna min likitan da zai rubuta takardar.

Malam Famasis:
Wannan kuma gaskiyarka ce, ba ni da amsarta. Shi ya sa na fi son ka san waɗanda ba a ba su, tunda ko na so ko na ƙi hannunka ne zai miƙa.

Anti Mai Gwaji:
Ku bar ni in tona asirin namu ɓangaren, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Maman Biyu, na tabbata gwajin da aka yi wa Baba Widal ne, wanda ake ba da sakamako cikin awa guda. Wannan gwajin wani likita Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, sojojin jikin da suka taɓa haɗuwa da ita ko da 'yan'uwanta yake aunawa. A ƙasa irin tamu da kusan kowa ya taɓa shan ruwan da ba shi da tsabta, ka tare masu lafiya garau a titi ka gwada su, da yawa za su nuna. Maleriya kanta tana iya ɗaga shi. Shi ya sa kullum sakamakon yake fitowa "maleriya da taifot" kamar Hassan da Husaini. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a kwalba a jira ƙwayar ta tsiro, yana ɗaukar kwanaki, ya fi tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba. In an yi shi, har maganin da zai kashe ta ana iya ganewa.

Ban ce Baba ba shi da taifot ba, ban gan shi ba. Amma ba zan yi mamaki ba in maleriya ce kawai, Coartem ɗin ne ya sauke zazzaɓin, Cipro kuwa an sha shi a banza.

Kawu Direba:
Wato duk taifot ɗin da nake yi sau uku a shekara ƙarya ce?

Anti Mai Gwaji:
Kawu, mai taifot ta gaske ba ya tuƙa mota zuwa Legas. Zazzaɓi ne da ke hawa kullum har ya wuce sati, ga ciwon ciki, ga galabaita, in aka yi sakaci hanji ya huje a kai mutum tiyata. Sau uku a shekara, kowace shekara, a binciki wani abin dai.

Amaryar Bana:
Jama'a hankalina ya tashi. Ina da ciki wata huɗu. Shekaranjiya mara ta dame ni da zafin fitsari, maƙwabciyata ta ba ni Cipro cikin nata, na sha guda biyu. Na cuci abin da ke cikina?

Anti Nas:
Kwantar da hankalinki ƙanwata, guda biyu ba abin da za ki hana kanki barci a kai ba ne. Amma kada ki ƙara, kuma gobe ki je wurin awo ki faɗa musu abin da kika sha da ranar da kika sha. Ana kauce wa Cipro ga mai juna biyu saboda an ga yana taɓa guringuntsin gaɓoɓin ƙananan dabbobi da aka gwada, ga shi kuma akwai wasu magungunan da aka fi sanin amincinsu a kan ciki. Abin da ya fi damuna ma shi ne zafin fitsarin. Ga mai ciki ba a wasa da shi, yana iya hawa ƙoda ko ya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. A gwada fitsarin a ba ki wanda ya dace. Mai shayarwa ita ma ta faɗa kafin a rubuta mata, don yana ɗan fita a nono. Maƙwabciyar taki kuma ki ce na gaishe ta, ta daina rabon magani kamar cingam.

Maman Sadauki:
To ni yanzu na shiga ruɗu. Bara ɗana mai shekara huɗu ya yi atini, kashi da jini da majina, a asibiti likita da kansa ya rubuta masa Cipro na kwana uku. Ke nan kuskure ya yi?

Likitar Yara:
A'a Maman Sadauki, bai yi kuskure ba. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan ɓangarena ne. Gaskiya ne ba ma ba yara Cipro haka kawai, saboda wannan maganar guringuntsin. Amma gudawa mai jini tana cikin wuraren da Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a ba yaro shi, gwargwadon nauyinsa, na kwana uku. An auna an ga haɗarin cutar ya fi na maganin. Abin da ba na so shi ne uwa ta raba ƙwayar babba gida biyu ta ba yaro don yana gudawar ruwa ko mura. Gudawar ruwa ruwan gishiri da sukari take so da zinc, mura kuwa ba antibayotik ɗin da ke taɓa ta.

Kada wannan hirar ta sa wani ya ƙi shan Cipron da likita ya duba shi ya rubuta masa. Magani ne mai ƙarfi da ke ceton rai. Ƙarfin nasa ne ya sa ba a kashe sauro da shi.

Ɗan Fagge:
Ni dai duk maganin da aka ce "floxacin" gabana faɗuwa yake. Mu mutanen Kano ba mu manta da Trovan ba.

Malam Famasis:
Ba ka yi ƙarya ba, gida ɗaya suka fito. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano, gwajin ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu cikin waɗanda aka ba Trovan, wasu cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Shi Trovan daga baya an taƙaita amfani da shi saboda illarsa ga hanta. Amma Cipro daban ne, tun 1987 yake kasuwar Amurka, an san alherinsa an san sharrinsa. Matsalarmu da shi ba ɓoye mana aka yi ba, a rubuce yake cikin kwali, mu ne ake ɓallo mana falle a ƙulla a leda, takardar ta tafi kwandon shara.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Tunda an ambaci sanƙarau, a nan wajenmu a gundumar Madarunfa, a 2017 lokacin annoba, an raba wa mutanen wasu ƙauyuka Cipro ƙwaya sha ɗaya tak don rigakafi, kuma an ga cutar ta ragu sosai a ƙauyukan da aka raba wa kowa. Ka ga ranar da yake da rana ke nan. Tsorona shi ne yadda ake sayar da shi a faranti a kasuwa, rana tana dukansa, ranar da ake buƙatarsa da gaske a tarar ya daina ci.

Likitar Yara:
Ya riga ya fara faruwa a wasu wuraren. A Pakistan tun 2016 aka samu wata taifot a lardin Sindh da ba ta jin Cipro, ba ta jin allurar seftiriyazon da muke gudu gare ta in abu ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku tun 2017, Cipro yana gida na biyu, na waɗanda ake sa wa ido kada a yi ta rabon su. A Ingila kuwa tun Janairun 2024 suka ce kada a rubuta shi da danginsa sai in sauran magungunan da aka saba ba su dace ba.

Maman Biyu:
Malam Famasis, wata tambayar. Umma ta ce mai kemis ya ce a ba shi Coartem da madara, to ita kuma sai take haɗa masa duka ƙwayoyin ya kora da kofin madara, wani lokacin da fura da nono tunda ba ya son abinci. Akwai matsala?

Malam Famasis:
Allah sarki Umma. Mai kemis ya yi daidai a kan Coartem, shi yana son maiƙo ko madara kafin ya shiga jini da kyau. Cipro kuwa kishiyar haka ne. Sinadarin ƙashi da ke cikin madara da nono da yogot yana kama shi tun a hanji ya hana wani kaso shiga jini. Haka farin ruwan maganin olsa irin su Gestid, haka maganin ƙarin jini, haka zinc. Ƙa'idar ita ce a sha Cipro da ruwa zalla, awa biyu kafin waɗannan, ko kuma a jira awa shida bayan an sha su. Mutane da yawa da ke cewa Cipro bai yi musu aiki ba, ko jabu aka ba su, da fura suka kora shi. Ga kuma wani abin: Coartem da Cipro kowannensu yana iya taɓa tsarin bugun zuciya, don haka haɗa su, musamman ga dattijo ko mai ciwon zuciya, shawarar likita ce, ba abin da za a ƙulla a leda ɗaya ba.

Maman Biyu:
Ya kuma ce kwana uku ke nan ba ya barci, ƙirjinsa na bugawa. Mun ɗauka zazzaɓin ne.

Malam Famasis:
Yana cin goro?

Maman Biyu:
Baba? Ai goro ne abincinsa. Ga shayi mai kauri safe da yamma.

Malam Famasis:
To Cipro yana hana hanta saurin fitar da sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, wanda ke hana barci. Goro ɗaya sai ya daɗe yana aiki a jikinsa fiye da yadda ya saba. Shi kansa maganin ma yana hana wasu barci, wasu tsofaffin har rikicewa suke yi su riƙa surutai, a ce aljanu ne ko tsufa. Amma bugun ƙirjin nan kada a ɗora wa goro kawai, a gaya wa likita gobe. In kuwa cikin dare ya ji jiri kamar zai suma, ko wani matsanancin ciwo ya soke shi a ƙirji ko baya ko ciki farat ɗaya, kada a jira gari ya waye.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Ina da ciwon suga shekara 11, ina shan Daonil. Shekara biyu da suka wuce aka ba ni wannan Cipro saboda fitsari. Kwana na uku ina zaune a shago bayan azahar sai gumi ya karyo min, hannu na rawa, ina ganin mutane bibbiyu. Yaron shagona ne ya yi dabara ya jiƙa sukari ya ɗura min. Da aka auna, suga ya faɗi ƙasa warwas, ni da kullum kukan hawansa nake. Likita ya ce haɗuwar magungunan biyu ce. Tun daga ranar duk inda za ni da ledar magungunana nake tafiya, in zube wa likita a tebur, ya ga abinsa da idonsa.

Anti Nas:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wannan dabarar ledar ta fi duk wani bayani. Bari in ƙara waɗanda ba a ambata ba. Mai farfaɗiya, Cipro na iya tayar masa da ita, balle in an haɗa da diklofenak ko Brufen. Mai asma da ke shan aminofilin ko tiyofilin, maganin yana taruwa a jininsa har ya zama guba. Mai shan wafarin na tsinka jini, jinin na iya tsinkewa fiye da kima. Akwai wani maganin sassauta tsoka, Sirdalud, shi ko kusa ba a haɗa su. Mai ciwon ƙoda rage masa ake yi. Akwai kuma masu wata cutar raunin tsoka da fatar ido ke saukowa, su yana iya taɓa musu numfashi. Sannan duk wanda yake sha ya ji tafin hannu ko na ƙafa yana dindiris ko zafi kamar ana tsira masa allura, ya dakata ya koma wurin wanda ya rubuta, don jijiya ce, wani lokacin ba ta komawa daidai.

Kawu Direba:
Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ni da nake da falle biyu a aljihun mota saboda ko-ta-kwana. To 'yata, na janye maganar murzar, kada a taɓa ƙafar.

Hajiya Babba:
Ni dai ban janye addu'a ba.

Malam Famasis:
Hajiya, wannan kam ba mai janye ta. A yi ta a cikin mota a hanyar asibiti.

Maman Biyu:
Salam jama'a, ku yi haƙuri jiya ban leƙo ba, a asibiti muka yini. Sai da aka yi da gaske Baba ya yarda, wai a kan ɗan ciwon ƙafa za a tara masa jama'a. Ƙanena da wani maƙwabci suka ɗauke shi cak zuwa mota, yana ta faɗa.

Likitan ya sa shi ya kwanta rub da ciki, ƙafafun suna reto a bakin gado, ya matsa sharaɓarsa. Ta hagu tafin ƙafar ya motsa sosai, ta dama ma ya motsa amma Baba sai da ya yi salati. Ya ce alama ce ba ta rabu gaba ɗaya ba. Aka tura mu hoto, aka ga ta kumbura kuma ta ɗan tsage ta gefe. Ya ce da an ja ta ko an ci gaba da takawa, da wata maganar ake yi yanzu. An sa masa filasta, yatsun suna kallon ƙasa, an ba shi sanduna, za mu koma bayan sati biyu, kuma an ce a shirya wa makonni. Ya rubuta a katinsa da jan biro cewa kada a sake ba shi Cipro ko danginsa, ya ce mu ma mu riƙe. An auna zuciya da ƙoda, ya ce ba laifi, amma suga ya ɗan hau, wai aikin deksa ne. Ita an rubuta mana yadda za a riƙa rage ta, diklofenak kuma an karɓe. Maganar taifot, ya duba takardar Widal ɗin ya ajiye ta gefe, ya danna cikin Baba, ya yi tambayoyi, ya sa aka ɗebi jini za a shuka. Ya ce tunda ba zazzaɓi ba zai ba shi wani antibayotik ba tukuna, in ya dawo mu koma a ranar.

Yau a zaune ya yi sallar Juma'a a gida, ransa a ɓace.

Ɗan Kemis:
Allah ya ba shi lafiya. Ɗazu wata tsohuwa ta zo da takardar Widal, na tambaye ta abin da take sha na gwiwa, ta zaro leda daga ɗankwali. Deksa ce. Ban ba ta Cipro ba, na ce ta je asibiti. Ta zage ni tas, ta tsallaka shagon da ke kallona.

Malam Famasis:
Ya ba ta?

Ɗan Kemis:
Na ga ta fito da leda.

Maman Biyu:
Malam Famasis, Baba ya ce in tambaye ka, tunda an daina maganin, yaushe za a mayar masa da goronsa? Umma ta ɓoye ƙullin tun shekaranjiya, gidan ba zaman lafiya.